Ƙoƙon da Ba a Wankewa

Akwai wata gadar jirgin ƙasa da nake bi ta ƙarƙashinta idan zan tafi aiki. Wasu samari Turawa sun kama ɗaya daga cikin rumfunan da ke ƙarƙashin gadar suna dafa giya, kuma duk ranar da suka ɗora tukunya, tururin yakan fito ta wani bututu ya cika titin. Mutane suna wucewa suna yamutsa fuska. Ni kuwa ƙafata takan rage sauri ba tare da na ce mata ba. Hatsi ne da aka jiƙa, ya tsira, aka busar, aka niƙa, aka mayar da shi wuta. Nasu sha'ir ne, namu dawa ce, amma hanci bai damu da wannan bambanci ba. Da tururin ya shige ni sai in ga bayan rumbun gidanmu, in ga kakata a tsugune tana ƙwanƙwasa tukunya da bayan yatsa.

Mai karatu, bari in faɗa maka tun yanzu don kada ka yi ta saƙe-saƙe. Ni Bahaushe ne, da Hausa nake cin abinci, ita nake karantawa a rediyo shekara da shekaru. Amma gidanmu gidan Maguzawa ne, kuma kakata, mahaifiyar babana, mai dafa giya ce. Abokan aikina kusan duka Musulmi ne. Sun sani, ba sa tambaya, ni ma ba na kawo zancen. Yau na kawo shi ne saboda wani ƙoƙo da ke rataye kusa da tukunyar ruwan zafi da ke ɗumama gida, a flat ɗinmu na unguwar Plumstead a London, wanda ya hana ni sakat tun bara.

Kaka ba ta sayar da giya. Takan dafa ne in za a yi gayya a gonar wani daga cikin 'ya'yanta, ko an yi haihuwa, ko an yi rashi. Wurin aikinta yana bayan rumbu, inda inuwar tsamiya ke sauka da yamma. Akwai murhu na laka da aka gina tare da tukwanen a jikinsa, ba a ɗaga su, sai dai a kwashe abin da ke ciki da ƙwarya. A gefe kuma randuna ne da aka binne rabinsu cikin yashi. Rabin aikin giya, kamar yadda na gani da idona, kula da waɗannan kaya ne. Kafin ta jiƙa dawa ko tsaba ɗaya, sai ta bi tukwanen tana ƙwanƙwasawa, kunnenta a kusa. Mai lafiya takan amsa da ƙara mai tsawo. Mai tsaga takan yi shiru, kamar an bugi ƙasa. In ta karɓo sabuwa daga wurin maginiya, ba ta zuba mata giya kai tsaye. Sai ta dafa dusa a ciki ta zubar, ta sake dafawa, har warin yumɓu ya fita. Matacinta na ciyawa ne, ita take saƙa abinta da rani, ta wanke shi da toka da ruwan zafi ta shanya a kan danga. Komai nata wanke shi take yi, har muciya. Abu ɗaya ne kawai ruwan wanki ba ya taɓawa.

Ƙoƙo ne ɗan ƙarami, cikinsa ya yi ɓawo fari-fari kamar busasshen kunu. Duk lokacin da aka shanye giya, Kaka takan kwashi abin da ya kwanta a gindin randa ta shafe cikin ƙoƙon da shi, ta bar shi ya bushe a inuwa, sannan ta soke shi cikin jinkar ɗakinta. In an yi sabuwar dahuwa, an tace, ruwan ya huce, sai ta sauko da ƙoƙon ta nutsa shi cikin randa ta rufe da faifai. Kafin wannan lokaci ruwan zaƙi ne kawai, mu yara ma ana ba mu mu sha, yana maƙale mana a leɓe. Da ƙoƙo ya shiga an gama da mu. Washegari in ka kusanci randar sai ka ji tana 'yar ƙara a ciki, kumfa yana tasowa yana fashewa. Kaka takan ce randa ta fara magana.

Wani lokaci ƙoƙon wata yakan mutu. Ta nutsa shi, randa ta ƙi magana. A nan akwai doka guda da duk matan ƙauyenmu suka sani: ba a sayen abin tayar da giya, aronsa ake yi, kuma ba a hanawa. Na ga matar da ba sa ga maciji da Kaka saboda rikicin akuya ta shigo gidanmu da ƙwarya a hannu. Ba su gaisa ba. Kaka ta ɗebo mata daga gindin randa, ta karɓa ta juya, rikicin akuya ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wadda ta ara kuma an san nauyin da ta ɗauka: ta riƙe nata da rai, don gobe wata ta zo gare ta.

Ranar gayya, in rana ta take, maza sukan ajiye garemani su zo gindin kuka jikinsu duk jar ƙasa. Kafin kowa ya sha, Kaka takan cika ƙoƙon nan ta tsiyaye a ƙasa, tana motsa baki. Na waɗanda suka riga mu ne. Sai ƙasa ta shanye sannan ƙwarya take zagayawa. Babana shi ne autanta, kuma shi ne na farkon miƙa hannu. Wata damina tukunya ta tsage ba ta lura ba, giyar ta fito da tsami har tana sa hawaye. Maza suka kurɓa suka ajiye cikin ladabi. Baba ya shanye tasa, ya goge baki, ya miƙa a ƙara masa. Kaka ta bi shi da muciya har bakin gona, mutane suna ta dariya.

Gwaggona, yayar Baba, ba ta cikin masu dariyar. Ita ta fara shiga coci a gidanmu, bayan aurenta, kuma ta shiga da ƙarfinta. In ta zo ganin gida ba ta bi ta bayan rumbu, ba ta shan ruwa a ƙwaryar da ba ta san tarihinta ba. Magana ɗaya nake tunawa tsakaninsu a kan wannan. Gwaggo ta ce wa Kaka ta fasa randunan nan ta huta. Kaka ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba, ta ce, "Da su aka yi bikinki."

Ina makarantar kwana Kaka ta rasu. Da na zo hutu na tarar da kaza tana kwanci a cikin randa ɗaya, murhun kuma ruwan sama ya fara cinye shi. A hankali gidan ya rabu, mafi yawa muka bi Gwaggo coci, wasu baffanni suka musulunta, duk muna zaune lafiya. Baba yakan je coci ran Lahadi ya zauna a bencin baya. Ran kasuwa kuma kowa ya san rumfar da yake zama. Ƙoƙon, ban ƙara tunawa da shi ba.

Bara Baba ya rasu. Na je gida, aka binne shi da waƙoƙi da wa'azi kamar yadda ya dace da mutumin bencin baya. Gwaggo ma ta je. Ta daɗe tana zaune a nan London wurin 'yarta, taubashiyata, wadda ke aikin jinya a Camberwell. Bayan mun dawo da 'yan watanni zuciyar Gwaggo ta matsa mata, likitoci suka ce sai an yi aiki, aka ba ta rana. Sai ta aika a kira ni.

Na same ta a falo an jingina mata filo, numfashinta yana fita gajere-gajere. Ta ce in zauna. Ta ce tun Baba yana da lafiya ya roƙe ta abu ɗaya, cewa in ya mutu a zuba masa giyar uwarsu a ƙasa. Ranar jana'iza ta dubi fasto, ta dubi matan ƙungiyar zumunta ta coci da ta yi shekaru tana shugabanta, bakinta ya ƙi buɗewa. Yanzu kuma za a kwantar da ita a yanka ƙirjinta, ba ta san ko za ta tashi ba, kuma ba za ta je ta tarar da shi da wannan a wuyanta ba. Sai an zuba, sannan za ta shiga asibiti. Ni ne ɗansa, ni zan dafa.

Taubashiyata tana tsaye bakin ƙofar kicin da kayan aiki a jikinta. Ta ce, "Mama, kin san wahalar da na sha kafin a ba mu ranar nan? In muka ƙi zuwa za su yi cancel, mu koma ƙarshen layi."

Gwaggo ba ta kula ta ba. Ta ce mini kada in damu da abin tayarwa, ta zo da shi. Ashe ranar da aka share ɗakin Kaka ita ta zare ƙoƙon daga jinka, ta naɗe shi a tsumma, ta ajiye a ƙasan akwatinta na gida, ƙarƙashin kayan zumunta, duk shekarun nan. Da ta je jana'iza ta taho da shi. Ta ce wa 'yarta ta ɗauko mata shi a jaka.

Na ga fuskar taubashiyata ta canja. Ta shiga kicin, na ji ta buɗe robar shinkafa, ta fito da ƙoƙo a hannu. Yana ƙyalli. Cikinsa rawaya tas, ko ɗigon fari babu. Ta ce ranar da take kwashe kayan tafiya ta gan shi da datti ya bushe a ciki, ga mai ciwon zuciya a gida, sai ta jiƙa shi ta kankare. Tun daga nan da shi take auna shinkafa.

Gwaggo ta karɓa ta juya shi a hannunta. Ta shinshina.

"Da sabulu?"

"Da sabulu, Mama. Na ɗan sa bilic ma."

Ina so in yi adalci a nan. Na san da wuya a ce akwai abin da ya rage da rai a cikin ɓawon da ya yi shekaru masu yawa a ƙasan akwati. Wataƙila da mun nutsa shi ba abin da zai faru. Amma ba mu samu mun gwada ba, kuma ba za mu taɓa sani ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna yake ci mini rai. Ita kuma taubashiyata abin da aka koya mata ta yi, kuma shi ne ke raya marasa lafiya a hannunta kullum.

Gwaggo ta miƙo mini ƙoƙon. Ta ce maganarta tana nan.

Na sayi kaya ta intanet, irin waɗanda Turawa ke dafa giya da su a gida. Suka zo cikin kwali: bokitin roba mai murfi da ɗan famfo a gindi, wani lanƙwasasshen bututu da ake zuba wa ruwa a soke a murfin don iska ta fita kada ta shiga, tiyo, ma'aunin zafi, 'yar ledar yis na tayar da giya, da garin kashe ƙwayoyin cuta. Na ƙara da babbar tukunyar ƙarfe. Na ƙwanƙwasa bokitin da bayan yatsa, ban san me nake jira in ji ba. Da na cika shi da ruwa don gwaji, famfon ya fara ɗiga. Na ƙara ɗaure shi, robar da ke ciki ta murɗe, ɗigar ta zama tsiyaya. Matata ta kawo tawul. Ita 'yar fasto ce, kuma sharaɗinta ɗaya ne, kada 'yan cocinmu su ji.

Dawa ce ta fara ba ni kunya. Wadda na saya a shagunan unguwarmu ta ƙi tsira. Na jiƙa, na tsane, na shimfiɗa a tire na rufe da jiƙaƙƙen tawul, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Maimakon tsiro sai furfura ta rufe ta, gidan ya ɗauki wari kamar an manta da wanki a bokiti. Na kira Gwaggo in tambaye ta ko na cika ruwa ne. Ta ce a rufe da ganye. Na ce wane ganye. Ta ce ko buhu ne. Da na sake kira kan maganar dahuwa, yau ta ce sau biyu ake dafawa, gobe ta ce sau ɗaya ne amma a daɗe. Daga baya na gane ba tsufa ba ne. Matar da ta yi rayuwarta tana kauce wa bayan rumbu ba ta da abin da za ta tuna. Ni da ita duka daga nesa muka kalla, ni don ina yaro, ita don ta juya baya.

Wani ya kwatanta mini shagon wata Hajiya 'yar Ghana a Edmonton, wai dawarta sabuwa ce. Na ratsa birnin gaba ɗaya. Na ce mata ina son wadda za ta tsira. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, da irin Hausarsu ta zango, "Wannan dawa yana tsira. Amma ni koko na sayar maka, ka ji ko? Abin da ka yi da shi, kai da Allah." Na ɗauko buhun a kafaɗa, jirgi, bas, wani jirgin.

Ta tsira kuwa. Fararen saiwoyi ƙanana suka leƙo, ƙamshin ya koma irin na gona bayan ruwan farko, na tsaya a kansu na daɗe. Sai maganar busarwa. Kaka rana take ba wa, ta kwashe da yamma. Ni a watan da nake ciki rana ba ta fitowa sai don ta nuna tana nan. Na shanya a baranda, tattabaru suka yi biki. Abin da ya rage na sa a oven da ƙaramar wuta, na gefe ya ƙone, na tsakiya bai bushe ba. Injin markaɗen matata ya niƙa rabi ya yi hayaƙi ya mutu. Murhun lantarkinmu kuma ba a yi shi don tukunya mai wannan girma ba. Gindinta yana kamawa, samanta bai tafasa ba, ina tsaye ina juyawa da muciyar tuwo da ba ta kai ƙasa. Da ta tafasa daga ƙarshe, tururi ya tayar da ƙararrawar gobara. Maƙwabciyarmu ta sama ta ce za ta kai ƙara council, wato hukumar unguwa, saboda wari.

Ranar farko da aka ba Gwaggo ta zo ta wuce ina cikin wannan. Taubashiyata ta yi roƙo aka ba su wata, aka kuma gaya mata ba za a sake ba. Takan kira ni a hanyarta ta dawowa daga aiki. Wasan taubasai bai bar bakinta ba, amma ya yi kaifi.

"Ubangida, yaya masana'anta? An fara fitarwa ƙasashen waje?"

"Baiwa, ki bari in ji da abu ɗaya."

"Ka sayo kwalba a shago ka juye mata a ƙoƙon mana. Wa zai sani?"

Na ce Gwaggo za ta sani. Taubashiyata ta ce jiya Gwaggo ta kasa kaiwa bayi sai da ta huta a hanya. Ta kashe wayar ba sallama.

Na samu ruwan zaƙi a ƙarshe. Na ɗanɗana, ya maƙale mini a leɓe, kusan irin wancan. Saura abin tayarwa. Na kira gida na sa a tambaya ko akwai sauran mai ƙoƙo a ƙauyenmu ko na kusa. Aka ce mai dafawa ɗaya ta rage a garin kasuwa, a cikin durom take yi, kuma yis na burodi take zubawa. Na zuba nawa yis ɗin da ya zo cikin kwali. Ya tashi, amma abin da ya fito warin gidan burodi yake yi. Na ɗiba a kwalba na kai wa Gwaggo. Ko buɗewa ba ta yi ba. Ta tambaye ni da me na tayar, na faɗa mata, ta ce in mayar. Ban fahimci dalilinta ba a lokacin, na ɗauka warin ne ya fito ta murfi. Na dawo gida na zubar, na wanke bokiti da tiyo da bututu da garin nan, na sake jiƙa dawa. Ranar asibiti ta biyu tana matsowa.

Ran da na tace sabon ruwan, na fita da safe ba don ina da wurin zuwa ba. Na bi ta ƙarƙashin gada, tururi yana fitowa. Na wuce, na dawo. Na leƙa rumfar. Manyan tankuna na ƙarfe suna ƙyalli, wani saurayi mai gemu da takalmin roba yana wanke ƙasa da tiyo. Na yi masa bayani da Turancin da ya fi na kullum tsari, saboda kunya: ina dafa giyar dawa irin ta kakata, abin tayarwarmu ya mutu, ko za su sayar mini da kaɗan daga nasu. Ya ce ba sa sayarwa. Ya ɗauko kwalba mai faɗin baki, ya tsuguna a gindin wani tanki, ya buɗe famfo, wani abu mai kauri fari-fari ya zubo. Ya rufe ya miƙo mini. Ya ce in ajiye a wuri mai sanyi, in ya mutu in dawo. Ya koma kan tiyonsa. Ko sunana bai tambaya ba.

Na shafe cikin ƙoƙon da abin, na nutsa shi a bokitin, na naɗe bokitin da bargo na tura kusa da tukunyar ruwan zafi. Washegari ruwan da ke cikin lanƙwasasshen bututun yana ɓul, ɓul, a hankali. Matata ta tsaya ta saurara, ta ce abin nan naka yana magana. Ban taɓa gaya mata kalmar Kaka ba.

Taubashiyata ta kawo Gwaggo a mota ran Asabar da hantsi, ana saura kaɗan ranar asibiti. Na ɗauka a baranda za a zuba. Gwaggo ta dubi simintin ta ce wannan ba ƙasa ba ce. Muka sake sauka da ita a lif, tana riƙe da hannuna, ni ina riƙe da jug. Ƙasar da ke akwai ita ce 'yar ciyawar da ke tsakanin wurin ajiye motoci da rumfar shara. Wani dattijo da karensa ya tsaya daga nesa yana kallonmu.

Na cika ƙoƙon na ba ta. Matar da ta yi shekaru ba ta shan ruwa a ƙwaryar gidanmu ta kai shi baki ta kurɓa. Ta riƙe a bakinta, ta haɗiye, ta yamutsa fuska.

"Ba ita ba ce," in ji ta.

Na ji taubashiyata ta ja numfashi a bayana. Gaskiya Gwaggo ta faɗa. Giyar ta yi ɗaci-ɗaci, ga ɗan ƙauri na oven, kuma tsamin nan mai daɗi da ke zuwa a ƙarshe babu shi.

"Abin tayarwar, saya ka yi?"

"Aro na yi, Gwaggo."

"Wurin wa?"

"Wani Bature mai dafawa. Na ce ya sayar mini, ya ƙi."

Ta daɗe tana duban ƙoƙon. Sannan ta ce in riƙe ta. Ta sunkuya iyakar yadda ƙirjinta ya bari, ta karkata hannu, giyar ta tsiyaya cikin ciyawa tana kumfa.

"Auta, ga ta. Ba ta yi daɗi ba. Amma kai ba ka taɓa mayar da ƙwarya ba."

Ta jira ƙasa ta shanye. Ta miƙo mini ƙoƙon da sauran kumfa a jikinsa, ta ce a inuwa ake busarwa. Ta juya ga 'yarta ta ce, "Ke kuma, in kin sake ganinsa da datti, ki wanke hannunki ki bar shi." Ta tambaye ta ko ta haɗa jakar asibiti.

An yi aikin, ta tashi. Yanzu tana hawa bas da kanta zuwa coci, ta koma sahun gaba a zumuntar mata. Ba ta ƙara ambaton giya ba ko sau ɗaya. Da na gwada kawo zancen, ta tambaye ni lafiyar yara.

Ni aka bari da kaya. Famfon bokitin har yanzu yana ɗiga, na canja robar na gaji, sai dai in ajiye kwano a ƙarƙashi. Tiyon yakan yi baƙi a ciki in na yi sakaci. Duk bayan 'yan watanni sai in ratsa birni in ɗauko dawa, in yi faɗa da oven, in buɗe tagogi saboda ƙararrawa, in dafa abin da ni kaina ba na iya shan fiye da ƙoƙo ɗaya, sauran kuma ya bi rariya. Dahuwar ta ɗan gyaru, amma ba ta zama ta Kaka ba, kuma na daina sa rai. Matata ta tambaye ni don wa nake yi, tunda an riga an zuba. Na ce mata wanda ya ara sai ya riƙe nasa da rai. Ta ce wa zai zo aro a kan bene a Plumstead.

A ƙauyenmu tsamiyar tana nan, amma inda murhun yake an yi shagon cajin waya, samari kuma abin da suke sha yana zuwa ne a 'yan ledoji daga birni. 'Ya'yana suna jin Hausa, su ba ni amsa da Turanci, kuma a wurinsu ƙoƙon wani abu ne na Baba da ba a sa wa a injin wanke kwanoni. Abin da ke manne a cikinsa ma ba daga jinkar Kaka ya fito ba, daga tankin wani saurayi ne da ban san sunansa ba. Na san duk wannan, ba na ruɗin kaina. Amma jiya da na buɗe ƙofar kabad ɗin tukunyar ruwan zafi don in ɗauki tawul, na ga ɓawon ya fara kauri, fari-fari, ya rufe inda aka kankare. Na mayar da shi kan ƙusarsa, na ja ƙofar, na je na duba ko akwai sauran dawa.